Bidiyon Saukar Inna Da Ya Fita Babu Murya

Na ɗauki bukukuwa da yawa a rayuwata, har wasu sun cakuɗe a kaina ban san wanne ne na wa ba. Amma akwai wata walimar saukar karatu a Gafasa da na tabbata ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci sabo fil.

Sana'ata ɗaukar bidiyo, a Gaya nake aure. Ba don na fi maza iyawa nake samun aiki ba, sai don ni mace ce, ina shiga inda ba za a bar su su leƙa ba. Kamu, suna, walimar mata, duk abin da ake yi a cikin gida ni ake kira. In na ɗauko sai in dawo in zuba a kwamfutata, in yanke in haɗa, sannan in matse bidiyon ya ƙanƙance yadda zai shiga memori ya buɗe a kowace waya. Wannan matsewar ita ce rabin aikin, don mutanenmu a waya suke kallo, kuma wasu wayoyin sun girmi yaran da ke riƙe da su.

Malamar wata Islamiyyar matan aure ce a Gafasa ta kira ni, ɗalibanta za su yi sauka. Ta ce ta hana kowa ɗaga waya a wajen taron saboda matan mutane ne, ni kaɗai zan ɗauka. A cikin masu saukar akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, ta ba sittin baya. Ba ta fara karatu ba sai da ta aurar da autarta. Ta dawo daga gona, ta wanke ƙafa, ta rataya jaka, ta je ta zauna cikin sa'o'in 'ya'yanta tana haɗa baƙi. Shekara da shekaru ana yi mata dariya a bayan ido, ta sani, ba ta fasa ba. Ɗanta namiji ɗaya ne, yana can kudu yana tuƙa babbar mota, bai samu zuwa ba.

Tun ina kafa kamara ta jawo ni gefe.

"'Yar nan, ke ce mai hoton?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "To in an zo kaina ki matso kusa. Ba fuskata nake so yaron nan ya gani ba, ya san ta. So nake ya ji."

Na kuwa matso. Sifikar makarantar ba ta da ƙarfi, na baya ma ba su ji sosai ba, amma ni ina gabanta, abin saurare yana kunnena. Ta karanta Fatiha, ta shiga farkon Baƙara kamar yadda aka saba, a nutse, harafi bayan harafi, murya ba rawa. Na ga malamar tana share ido da gefen hijabi. Da aka tashi na yi wa Inna alkawarin nata zan fara yankewa daban, kafin in taɓa na kowa.

Na dawo gida da farin cikina, sai na tarar da ƙanin mijina zaune a tsakar gida, kwamfutata a kan cinyarsa. A Kano yake karatu, ya zo hutu, kuma irin mutanen nan ne da in suka yi wata uku a aji sai su ga duk garin bai san komai ba. Yana ganina ya washe baki.

"Anti, yau na yi miki gata. Wannan tsohon sistam ɗin naki ai ya gaji. Na ɗora miki sabo, na mayar miki da duk kayan aikinki."

Sistam ita ce babbar manhajar da kwamfuta take tafiya a kanta, komai a kanta yake zaune. Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Haba Anti, a maimakon godiya? Ko hoto ɗaya ban goge miki ba."

Akwai wasa tsakanina da shi, kuma mijina ya sa baki ya ce yaro alheri ya nufa, sai na haɗiye. Na buɗe na ga komai ya canja wuri, amma manhajar da nake aiki da ita tana nan, ta kuma buɗe. Na yanke ɓangaren Inna, na matse shi, na kunna a kwamfutar, murya ta fito tas. Na zuba a memori na ba wa ɗan acaɓar da ke bin hanyar Ajingi ya kai wa malama.

Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka memori ɗaya mutum ɗaya ne. A'a. Wannan ta tura wa wannan, wancan ya karɓa a wajen mai cajin waya, kafin rana ta faɗi ya zaga unguwa, an kuma tura wa ɗan Inna a kudu. Bayan 'yan kwanaki malama ta kira ni.

"Mai hoto, bidiyon nan fa ba ya magana."

Na ce ta ƙara murya. Ta ce sun ƙara har ƙarshe, sun gwada a wayarta, ta mijinta, ta maƙwabta, duk ɗaya. Na tura a tawa wayar ina cewa a raina rashin sani ne. Ga Inna nan, ga Alƙur'ani a hannunta, bakinta yana motsi, yatsanta yana bin layi, amma ko tari ba a ji. Na mayar kwamfuta, murya ta dawo. Na sake kunnawa a waya, shiru.

Da a nan abin ya tsaya, da matsalar na'ura ce kawai. Amma malama ta ce akwai magana. Wai ana cewa a gari ni na cire muryar da gangan don in rufa wa Inna asiri. Wai na saurara na ji kwaɓar ta yi yawa. Wai dama ba ta iya ba, tausayinta aka ji aka sa ta cikin masu sauka saboda tsufa. Waɗanda suka ji ta da kunnensu suka ce ƙarya ne, aka ce musu ai ku 'yan ajinsu ne, me za ku ce dama.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Matar da ta yi shekaru tana dawowa daga gona ta zauna a tabarma tana maimaita aya ɗaya har ta zauna mata, a ce waɗanda ko ƙofar makarantar ba su taɓa takawa ba su ne za su auna karatunta, kuma da aikin hannuna za su auna shi. Na naɗe kwamfutar a zani, na hau adaidaita, na nufi Gafasa.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarzar gyaɗa. Ta amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa. Na buɗe kwamfutar na kunna mata, matan gidan suka taru, muryarta ta cika wajen. Na zaci za ta yi murna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ai na san na yi, 'yar nan. Shi ne bai sani ba. Akwatin nan za ki ɗauka ki kai masa kudu?"

A nan na ji abin da ya fi maganar gari ciwo. Ɗan nata ya kira ta bayan ya kalla, maganar ma ta riga ta je masa. Bai yi mata dariya ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Inna, ba komai, Allah niyya yake dubawa. Ko zama kawai kika yi a ajin nan kin samu lada." Ta ce masa ya tsaya ya ji, ta ɗauko Alƙur'ani ta fara karanta masa a waya. Amma mai karatu don Allah daban, mai karatu don a yarda da shi daban. Murya ta kama rawa, ta maƙale a ayar da ko cikin barci tana iya kawo ta, shi kuma ya ce, "Ya isa haka, Inna, kada ki wahalar da kanki." Tun ranar ba ta koma makaranta ba.

Na ce bari in kira shi in kara wayar a jikin kwamfutar ya ji. Ta girgiza kai. Ta ce, "Murya kaɗai ai ta kowa ce. Sai ya ga bakina, ya ji abin da ke fita daga cikinsa." Ina tattara kayana na ji wata daga bakin ƙofa tana cewa ƙasa-ƙasa, ai abin mamaki ne bidiyon da ba ya magana sai a na'urar mai shi. Na juya na kalle ta har ta sunkuyar da kai.

Na dawo Gaya na duƙufa. Na sake matse bidiyon, shiru. Na canja memori, shiru. Na rage girmansa, na ƙara, na canja masa suna kamar sunan ne laifin, duk a banza. Na kira mai gatan nawa na ce ya zo ya ga aikinsa. Ya danna nan ya danna can, ya ce wayoyin ƙauye ne ba su da inganci. Na miƙa masa tasa wayar mai tsada, ita ma shiru. Ya ce to kamarata ce ta lalace. Na ce in ta lalace, muryar da ke fita a kwamfutar ta aljanu ce? Ya ce wataƙila ni na taɓa wani abu ban sani ba, dama aikin nan yana son wanda ya karance shi. Da ya ga ko'ina na tare shi, sai ya gyara zama ya ce, "Ni fa Anti, in kin duba ma, gara haka. Muryar mace ai ba abar yawo da ita a wayoyin mutane ba ce."

Wallahi ban taɓa jin na tsani wata magana kamar wannan ba. Mutumin da wayarsa cike take da waƙoƙin mata, yau da ya ɓata aiki ya rasa mafita shi ne ya koma malami, kuma a kan tsohuwar da ta isa ta haife shi tana karanta wa ɗanta littafin Allah. Na ce masa, "Tashi ka ba ni waje kafin in manta a gidan yayanka nake." Ya tashi yana ƙunƙuni, wai ba a yi wa mata gwaninta.

Na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ko kunna bidiyon bai yi ba, ya ce bayiros ne, sai an yi fomatin, wato a share komai a faro daga farko. Na ce ainihin abin da na ɗauko fa, yana ciki, kuma na riga na goge na kamara na ɗauki wani suna a kai. Ya ce, "Hajiya, ai gyara sai da asara." Har ya kai hannu. Na fizge kwamfutata na rungume ta, masu sayen caja suna kallona kamar mahaukaciya. Da na yi sanyin hannu a wajen nan, da karatun Inna ya tafi gaba ɗaya, ba mai murya ba marar murya.

Uwar ɗakina da ta koya mini aikin a Kano ita na kira daga ƙarshe, na zayyana mata komai. Ba ta ce mini bayiros ba, ba ta ce aljanu ba. Ta ce, "Kina da tsohon aikin da kika yi kafin a taɓa kwamfutar, wanda ya yi magana a waya? Ɗauko shi, ki ɗauko na yanzu, ki buɗe bayanin kowanne ki karanta mini abin da aka rubuta a wajen sauti." Na duba. A tsohon an rubuta AAC. A na Inna an rubuta AC3.

Ta ce to ga ɓarawon nan. Kodek ake ce masa, wato irin ƙullin da ake yi wa murya a cikin bidiyo, kuma na'urar da ba ta san ƙullin ba ba za ta iya kwance shi ba. Kamarata da irin na biyun take ƙullewa. Kwamfuta ta san shi, yawancin wayoyin mutanenmu ba su san shi ba. Tun ranar da na sayi kwamfutar uwar ɗakin nawa da kanta ta saita mini manhajar yadda duk sanda na matse bidiyo za ta sake wa muryar ƙulli zuwa wanda kowace waya ta sani. Shekaru abin yana yi mini aiki shiru, har na manta da shi. Da mai gata ya ɗora sabon sistam, saitin ya tafi, ɗan ƙarin manhajar da ke yin wannan juyin shi ma ya tafi, sai manhajar ta koma tana wuce da muryar yadda kamara ta kawo ta. Bai goge mini hoto ko ɗaya ba, gaskiyarsa. Abin da ba a gani ya goge.

Sanin ciwon bai kawo sauƙi nan take ba. Na je wajen zaɓin sauti na tarar AAC ɗin ya dushe, ba ya dannuwa, sai an sauko da ƙarin nan daga intanet. Sabis ya yi ta wasa da ni, abu ya kusa kammala ya katse. Aka ɗauke wuta, na kwashi kaya na koma shagon maƙwabcinmu mai janareta, na zauna a benci tsakanin buhunan taki ina gadin layin da ke nuna saukar abin, yana tafiya kamar ba ya so. Da ya sauka na saita, na matse, na tura a wayata, na kunna da bismillah. Muryar Inna ta fito.

Na kusa yin guɗa, sai na lura da wani abu. A farkon Fatiha baki da murya suna tare. Ana shiga Baƙara murya ta fara ja da baya. Can gaba sai ka ga Inna ta rufe baki ta ɗaga kai, amma ana jin ta tana karatu. Ƙanin mijina yana leƙe ta kafaɗata, don tunda ya ji murya ta dawo ya matso a raba nasara da shi. Ya ce, "Ai shi ke nan, ya yi. Tura musu haka, wa zai lura?"

Na ce, "Mutanen da suka ga shiru suka ce ba ta iya ba, su ne za su ga baki a rufe murya tana fita su ƙi lura? Cewa za su yi muryar wata na ɗora mata. Ka kashe ta sau ɗaya bai ishe ka ba?"

Na sake kiran uwar ɗakina. Ta ce in duba wata lamba a ƙarƙashin zaɓin sautin, wadda ke nuna saurin da ake ɗibar murya. Kamarata a kan arba'in da takwas take ɗauka, sabon saitin ya zauna a kan arba'in da huɗu, shi ya sa suke rabuwa a hankali. Na daidaita su, na sake matsewa. Wannan karon ban yarda da kwamfuta ba, ban yarda da wayata ba. Na bi gidajen maƙwabta ina aron wayoyi, manya da ƙanana, har da wata mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba. A kowacce na zuba ido a kan leɓen Inna daga farko har ƙarshe. Baki da murya suka tafi tare. Na karɓi lambar ɗan nata a wajen malama na tura masa daga Gaya, ban rubuta masa komai ba, don in na fara rubutu ba zai yi daɗin karantawa ba.

Da na koma Gafasa da sabon memori, ban sami Inna a tsakar gida ba, tana ɗaki da Alƙur'ani a buɗe. Na ce na kawo gyararren. Ta ce ta sani, yaron ya kira ta.

Na ce, "Me ya ce, Inna?"

Ta ce, "Bai ce komai a kan hoton ba. Sai dai ya ce wai akwai wata sura da ta kwance masa tun yana yaro, yana jin kunyar tambayar mutane, ko zan riƙa biya masa in ya tsaya hutawa a hanya." Ta gyara tabaranta ta nuna mini shafin. "Ita nake dubawa, kada in je in koya masa ba daidai ba."

Na fita waje na tsaya a bayan rumbu na yi kukana, rabi na daɗi, rabi na haushi. Haushin kuwa bai tafi ba, don gyararren bidiyon bai yi tafiyar da na farko ya yi ba. Waɗanda suka yi rige-rigen tura marar murya, da aka ba su mai murya sai suka ce wayarsu ta cika. Ba wanda ya je ya ce wa Inna ya yi kuskure. Ƙanin mijina kuwa har gobe in zancen ya taso cewa yake shi ya sabunta mini kwamfuta.

Inna ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta, kuma na san har yanzu akwai wayoyin da take ciki tana motsa baki ba a jin komai. Abin da na koya a kanta shi ne, in ka miƙa wa mutane shiru ba za su bar shi shiru ba, abin da ke ransu za su zuba a ciki, kuma gaskiya in ta zo daga baya ba kowa ke buɗe mata ƙofa ba. Shi ya sa ba mai taɓa mini kayan aiki komai kyan niyyarsa, kuma aiki ba ya barin hannuna sai na ji shi da kunnena a wayar da ta fi kowacce tsufa a unguwarmu. Abin da mutum ya ba ni in ɗauka ba hoto ba ne kawai, mutuncinsa ne, kuma sau ɗaya yake fita.